Jar Alfa

Muryarta na fara ji, kafin in ga jikinta.
Ina kwance ƙarƙashin katafila a garejin Bakolori,
baƙin mai har gwiwar hannu,
sai wani gurnani ya ratso ta ƙofa,
ba tarin tifa ba ne, ba kukan akwala ba,
kamar zaki ya ƙoshi yana gyaran murya.

Ubangidana Bartolo ya fito daga cikinta
yana zagin rana da yarensu.
Kujera biyu. Ba rufi sai ɗan tamfal.
Ja, kamar barkonon da aka shanya a kan soro.

Shekara uku ina wanke ta, ban taɓa zama ba.
Ran da zai koma ƙasarsu ya jefo mini makulli,
ya karɓi albashin wata tara, har da agogon hannuna,
ya ce, "Nomau, kada ka bar ta ta yi barci.
Barci ke kashe irinsu."

Baba ya zagaye ta sau biyu, ya tsaya, ya ce,
"To, ina buhun gero zai zauna?"
Mutanen Mafara suka ce an sayar wa yaro rabin mota.

Su faɗi. Sun san hanyar Gusau bayan sallar asuba?
Ka wuce Maru, kwalta ta miƙe,
ka sa giya ta huɗu, allura ta tashi tsaye,
iska ta cika maka baki da ƙanshin ƙasar da ta sha ruwa.
Huluna nawa na bar wa manoman Bunguɗu?
Ban ƙirga ba. Allah ya sa sun yi musu daidai.

Ige, Allah ya jiƙanta,
takan dafe kallabi da hannu biyu,
tana salati tana dariya,
ta ce in rage, in na rage ta ce, "Mai ya ƙare ne?"

Ba kullum ake kwana a gado ba.
Ta taɓa zaunar da ni wata bakwai kan kafireta.
Na sayo wata Fiyat a Kano, shuɗiya, mai kyan fuska,
na fede ta kamar ragon layya
don babbar ta samu abin ci.
Wata Lanciya ta zo ta Kamba, ta yi shekara shida, tsatsa ta cinye ta.
Na ɗinka bel da hannuna.
Na toshe lagireto da sabulu a bakin Gulbin Sakkwato,
yara na kallo, wani ya ce, "Tsoho, sai da ta ka sayi babur."

Yanzu kwaltar ta zama gyambo,
kuma ba mai bin ta da asuba sai wanda ya yi wasiyya.
Yana ta rufe mini idon hagu, na dama na bin sawu.
Bara wani ya zo daga Abuja da farin takalmi,
ya shafa ta, ya faɗi kuɗin da ya fi gidana.
Na ba shi fura. Ya sha, ya tafi.

Jikata Hakama ce ke riƙe makulli.
Ranar Juma'a bayan la'asar
takan fito da mu, ni da tsohuwar,
mu bi gefen dam a hankali.
Ba na ganin ruwan, sanyinsa kawai nake ji a kunci.
Amma kunne bai tsufa ba:
"Ke, tana roƙonki ta uku, ba ki ji ba?"

Sai ta canza.
Gurnanin nan ya taso ta ƙarƙashin kujera,
ya bi ƙashin bayana,
na kai hannu na dafe hula.

Hakama ta ce, "Kaka, arba'in fa kawai muke yi."

Na ce na sani.
Ƙara kaɗan.